Ƙaryar "Ba Ya Karyewa": Magana Kan Jiragen Rimot Da Muke Saya Wa Yaranmu

Duk ɗan kasuwar da ya ɗaga kwalin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na rimot ya ce maka "Alhaji, wannan ƙarfe ne, ba ya karyewa", to ɗayan biyu ne: ko bai san hajarsa ba, ko ya sani yana dai son kuɗinka. Babu jirgin da ba ya karyewa. Wanda sojoji suke tuƙawa ma yana karyewa, balle wanda aka ɗauko daga kanti aka miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ranar Sallah.

Kowa ya san yadda labarin yake tafiya, daga unguwannin Maraɗi har ƙauyukan Sarkin Yamma. Ɗan ci-rani ya dawo daga Kano, ko Agadas, ko Libiya, da tsaraba a kwali mai ƙyalli. A fito da jirgi tsakar gida, yara su yi da'ira, mata su leƙo. Yaro ya tura sandar rimot har ƙarshe, jirgi ya zabura sama kamar an tsikare shi, ya bugi katanga ko reshen bedi, ya dawo ƙasa farfela na ci gaba da dukan turɓaya. Minti uku bai cika ba. Daga nan sai faɗa: "Ka ga abin da ka yi? Ba ka iya riƙon kaya ba!" Wani uban har da mari. A kwashe tarkacen a ɗora kan kabad, shi ke nan an rufe babi. Abin da yaron ya koya a ranar shi ne kada ya kuskura ya sake taɓa abin da bai iya ba.

Ni kuwa ina cewa yaron bai yi laifin komai ba. Laifin na mai sayarwa ne da mai saye, waɗanda suka haɗu suka zaɓi jirgi don yadda yake a ido, ba wanda ya tambayi abin da zai faru idan ya faɗi. Alhali ga mai koyo tambaya ɗaya ce ta fi kowace nauyi: faɗuwa ɗaya nawa za ta ci, kuma kwana nawa za a yi kafin jirgin ya sake tashi?

Bari mu fara da dalilin faɗuwar, don masu gani kamar sakaci ne. Jirgi mai fukafukai, idan ya sami gudu, yakan ɗan riƙe kansa a iska. Mai saukar ungulu ba haka yake ba. Babbar farfelar da take ɗaga shi tana juyawa gefe guda, gangar jikinsa kuma tana son juyawa ɗaya gefen, don haka aka ɗora masa ƙaramar farfela a wutsiya ta riƙa tare shi. Ka ƙara wuta, ƙarfin juyin ya ƙaru, dole wutsiya ta ƙara aiki. Ita kuma wutsiyar tana tura jirgin gefe, sai matuƙi ya karkata shi kaɗan ya rama. Duk gyara ɗaya sai ya haifi wani gyaran. Ga kuma iskar da farfela take bugawa ƙasa tana dawowa ta yi masa matashi mai santsi, shi ya sa idan yana dab da ƙasa sai ka ga yana zamewa kamar ƙwai a faranti. Yanzu ka ɗora a kan wannan cewa matuƙin ba ya cikin jirgin, yana tsaye nesa. Muddin wutsiya na fuskantarsa, damarsa ita ce damar jirgin. Da zarar hanci ya juyo gare shi, dama ta koma hagu, gaba ta koma baya. Babban mutum mai digiri ma sai ya kayar da shi sau da dama kafin yatsunsa su saba. Ina dalilin marin yaro?

Tunda faɗuwa ba makawa, sai a nemi jirgin da faɗuwarsa ba ta da tsada. Nan ne muke yin kuskurenmu na farko, domin mu mutane ne masu son babba. Babban rago, babbar riga, babban jirgi. To lissafi bai san wannan ba. Ƙarfin bugun da abu yake yi idan ya faɗi yana tafiya ne da nauyinsa. Ƙaramin jirgi na cikin ɗaki irin Syma S107 bai kai giram 50 ba. Jirgi irin Align T-Rex 450, wanda ƙwararru suke wasa da shi, ya kai wajen giram 800. Ka ɗauki na giram 40 da na giram 800 su bugi ƙasa da gudu ɗaya, babban zai sha duka ninki 20 na ƙaramin. Ƙaramin yakan faɗi a ɗauke shi a kaɗe ƙura a sake tashi. Babban kuwa faɗuwa ɗaya takan tafi da farfela biyu, da sandar tsakiya, da haƙoran giya, da bututun wutsiya. Kuma ba jirgin kaɗai ke cikin haɗari ba. Bakin farfelar irin wannan jirgi yana tafiyar da ta wuce kilomita 300 a awa. A watan Satumba na 2013, a unguwar Buruklin ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19 wanda ya ƙware da tuƙin waɗannan jirage ya rasa ransa sa'ad da farfelar jirginsa ta same shi a ka. Wannan ƙwararre ke nan, a fili. Ka kwatanta da tsakar gida mai cike da yara da awaki.

Jiragen nan hawa uku ne, kuma wanda ya tsallake hawa shi zai biya. Na farko shi ne mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa saɓanin juna, kowace tana kashe juyin 'yar'uwarta. Shi ne mai haƙuri, ka saki sanda ya tsaya wuri ɗaya, sai dai iska kaɗan ta ishe ta kwashe shi. Na biyu mai farfela ɗaya ne wadda kwanciyarta ba ta sauyawa, tashi da sauka duk da ƙarin wuta ko raginta ake yi, irin WLtoys V911. A kansa ake koyon tuƙi na gaskiya, da sanduna biyu da motsi huɗu. Na uku shi ne wanda kwanciyar farfelarsa take sauyawa yana cikin tafiya, shi ne wanda kuke gani a bidiyo yana tashi a kife yana wulƙitawa. Yaro ya ga bidiyon a waya, ya ce shi yake so, uba mai hali ya saya. Daidai yake da ka ɗora wanda bai taɓa hawan jaki ba a kan ingarman doki ranar hawan Sallah, sannan ka yi mamaki.

Sai maganar ƙarfe, wadda ita ce ta fi ci mini rai, domin a nan ake yi wa mutane wayo da abin da suka yi imani da shi. Bahaushe ya yarda da ƙarfe. Bokitin ƙarfe ya fi na roba, kujerar ƙarfe ta fi ta roba, har mutum mai juriya mukan ce ƙarfe ne. Masu ƙera kayan nan sun gane wannan rauni, ba a wajenmu kaɗai ba, don haka suka cika kasuwa da kayan "ƙarin inganci": kan farfela na alminiyon mai launin shuɗi ko ja, mariƙin farfela na alminiyon, wutsiyar alminiyon. Mai koyo ya karya mariƙin roba sau biyu, ya ji haushi, ya ce bari in sa na ƙarfe in huta. Bai huta ba, wahalar ce ya matsar da ita ciki.

Ku tambayi kowane mai gyaran lantarki a kasuwar Maraɗi me ya sa ake sa fis. Ana sa shi ne don ya ƙone. An yi shi da gangan ya fi kowa rauni, domin idan wuta ta yi yawa shi ya mutu, talabijin ta tsira. Kowa ya san wanda ya gaji da sayen fis ya ɗaura wayar tagulla mai kauri a gurbinsa, kuma kowa ya san ƙarshen labarinsa. To 'yan robobin nan da suke karyewa a jirgi su ne fis ɗinsa. Idan farfela ta bugi ƙasa, ƙarfin bugun dole ya sami inda zai ƙare. Roba takan lanƙwashe ta dawo, in abin ya yi yawa ta karye, bugun ya tsaya nan. Ka sa alminiyon, ba zai karye ba, zai miƙa bugun gaba zuwa sandar tsakiya, zuwa ƙananan injinan da suke karkata farfela, zuwa allon lantarki, wato zuwa duk abin da ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu. Ga wani sharrin: roba in ta karye ka gani da idonka ka sauya. Alminiyon kuwa yakan ɗan lanƙwashe ne yadda ido ba zai kama ba, sai jirgi ya kama karkarwa, na'urar daidaito ta rikice, kai kuma ka yi ta neman ciwo inda babu shi. Sannan ya fi nauyi, nauyi kuma na ƙara ƙarfin faɗuwa yana rage mintocin tashi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kada a ce na ce kayan ƙarfe ba su da amfani. Ga wanda ya daina faɗuwa, yana neman jirgi ya amsa yatsansa ba tare da sako-sako ba, suna da shi. Amma wannan mutum ya yi shekara yana tuƙi. Sayar wa mai koyo da su cin amana ne. Kuɗin da za a kashe a kan kan farfela mai ƙyalli, da an sayi farfelar roba jeri huɗu da batir biyu da shi, da yaron ya sami wata guda na koyo.

Wanda zai saya, kafin ya tambayi farashi, ya tambayi kayan gyara. "Kana da farfelarsa? Kana da giyarsa? Kana da injin wutsiya?" In mai kanti ya fara kame-kame yana cewa za a kawo, ka ajiye masa kwalinsa. Mu nan kayanmu ta Kano suke biyowa, su ratsa Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kafin su iso. Mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, kayan masarufi ma suka yi wuya, balle wata 'yar giya mai girman ƙwandala. Jirgin da ba shi da kayan gyara a kusa jirgin yini ɗaya ne, ko nawa aka saye shi. Dabarar da ta fi ita ce mutane uku ko huɗu su haɗa baki su sayi iri ɗaya, samfuri ɗaya. Wanda ya mutu ya zama ma'ajiyar kayan gyaran sauran, kamar yadda 'yan kabu-kabu suke taruwa kan babur iri ɗaya don ko'ina ka tsaya akwai bakaniken da ya san shi.

A kuma duba rimot ɗin. Da yawa daga masu arahar nan da hasken da ido ba ya gani suke aiki, irin na rimot ɗin talabijin. Rana kuwa cike take da irin wannan haske. Ka fito da shi filin Allah a Sarkin Yamma da hantsi, rana ta danne saƙon, jirgi ya daina jin magana, ya faɗo ko ya bi iska. Ba lalacewa ya yi ba, an yi shi ne don falon wani gida a ƙasar sanyi. Wanda zai yi aiki a waje sai mai rediyo, za ka ga an rubuta 2.4GHz a jikin kwali. Wannan rubutu ya fi duk hoton da ke kan kwalin daraja, kuma ba kasafai mai sayarwa yake nuna maka shi ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai araha, kuma aka fi ƙi. Masu wannan sana'a a duniya suna ɗaura wa jirgin mai koyo ƙafafun koyo: sanduna biyu marasa nauyi a gicciye ƙarƙashin jirgin, kowane baki da 'yar ƙwallo irin ta wasan tebur. Aikinsu a bayyane yake. Suna faɗaɗa tsayuwar jirgin yadda idan ya karkata ƙwallo ce za ta fara taɓa ƙasa kafin farfela, sai ya zame maimakon ya kife. Mafi yawan ɓarnar makon farko daga kifewa take zuwa, lokacin tashi da lokacin sauka, a tsayin da bai kai gwiwa ba. Ƙafafun nan suna kashe wannan ɓarna kusan gaba ɗaya. Kuma ba sai an yi oda daga Sin ba. Ga ƙaramin jirgi, tsinken tsire biyu sun isa, a ɗaure su da zaren roba, a soka wa kowane baki ɗan dunƙulen farin soson nan da ake cusawa a kwalin rediyo. Ga wanda ya ɗan fi girma, a zaro ƙarfen tsohuwar laima. Abin lura kawai su yi daidai da juna kuma kada su yi nauyi. Yaron da ya iya ƙera mota da karan dawa, har da tayoyi masu juyawa da sitiyari, zai haɗa wannan kafin shayi ya nuna.

To me ya sa ba a sawa? Kunya. Jirgi da ƙafafun koyo ba ya kyau a hoto. Yana kama da gizo-gizo, abokai za su yi dariya, ba za a iya ɗora shi a Facebook ba. Mun fi son a gan mu mun iya fiye da mu iya ɗin.

Ga wanda yake jin wannan kunya, ga labarin Igor Sikorsky, mutumin da jirgin da ya ƙera ya zama tushen siffar jirage masu saukar ungulu na yau, mai babbar farfela a sama da ƙarama a wutsiya. Ranar 14 ga Satumba 1939, a jihar Konetikat ta Amurka, ya fara ɗaga jirginsa VS-300 daga ƙasa. A ɗaure da igiyoyi ya ɗaga shi, na 'yan daƙiƙoƙi. Injiniya ne da ya riga ya yi suna a duniya da manyan jirage, ya haura shekara 50, amma bai ji kunyar igiya ba. Sai a watan Mayun 1940 jirgin ya tashi ba ɗauri. A tsakani ya kife an sake gina shi, kuma an yi ta sauya masa fasali har zuwa ƙarshen 1941. Wata takwas a ɗaure. Mu kuwa muna son yaro ya gama a yammacin Sallah.

Abin mamaki, mun san wannan hikima a wani fagen. Maraɗi gidan kokowa ce, ita ta ba Nijar Kantu. Wa ya taɓa ganin an koya wa yaro kokowa a kan siminti? A kan rairayi ake yi, a bakin gulbi ko a dandali bayan girbi, domin kowa ya san za a kayar da shi sau ɗari kafin ya kayar da wani, kuma ana so ya tashi ya kaɗe jiki ya sake shiga. Ba mai marinsa don ya faɗi. Da zarar abu ya zo a kwali da rubutun Turanci, sai mu manta da duk wannan, mu mai da faɗuwa abin kunya.

Sauran abin da mai koyo yake buƙata ɗabi'u ne, ba sa cin ko dala. Babbar cikinsu: in ka ga zai faɗi, sauke sandar wuta gaba ɗaya kafin ya taɓa ƙasa. Farfelar da ta daina samun wuta ba ta yin ɓarna sosai, wadda inji yake ci gaba da turawa kuwa ita ke cinye haƙoran giya ta ƙone allo. A fara da wutsiya tana fuskantar matuƙi, a yi tsalle-tsalle ƙanana, a koyi tsayawa wuri ɗaya har batir ya ƙare kafin a yi tunanin zagaye. A tashi da sassafe iska ba ta motsa ba, ko cikin aji da babu kowa. A lokacin hunturu, in buji ya taso, a bar shi a kwali. A shimfiɗa tabarma a tashi a kanta, domin yashinmu shi ne babban makashin ƙananan injinan nan, yana shiga giya da boris ya niƙe su a hankali. Kada a zuba wa giyar roba mai, ƙura yake tarawa. Bayan kowane tashi, wanda ba ya wuce minti biyar zuwa takwas, a bar inji ya huce kafin a sa wani batir. Akwai kuma manhajojin kwaikwayon tuƙi, a kwamfuta da a waya, inda mutum zai faɗi sau dubu bai biya ko tamma ba. Matuƙan manyan jirage ma ta nan suke bi tun daga na'urar da Edwin Link ya ƙera a 1929.

Batir kuwa a yi hattara da shi, don shi ba wasa ba ne. Na litiyom ne mai laushin jiki, cikarsa bolt 4.2 a kowane ɗaki, kuma in aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3 ya lalace. Ba ya son zafi. Mu kuma a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano na mai cajin waya, inda ake jera abubuwa bisa juna tun safe har yamma. Batirin da ya kumbura, ko ya huje bayan faɗuwa, zai iya kamawa da wuta. A gidan da rumbu da danni da zana suke kusa da juna, ba sai na faɗi abin da wannan yake nufi ba. A yi caji ana kallo, a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, nesa da katifa. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake tsaki, yana cewa mutane na fama da tsadar gero da ɓarayin daji, wannan kuma ya zauna yana rubutu kan kayan wasan 'ya'yan masu kuɗi. Ina jin ka, kuma ba zan ce maka jirgin rimot zai cika rumbu ba. Amma dubi abin da yake cikinsa: inji, da giya, da batir, da rediyo, da na'urar daidaito, da liƙin dalma. Su ne dai abubuwan da ke cikin famfon sola, da injinan da suke ɗago ruwa a fadamar Jiratawa, da wayar da ke aljihunka. Yaron da ya buɗe jirgi sau ashirin ya gano abin da ya mutu ya sauya, ya koyi abin da allo da alli ba za su ba shi ba, wato bin sawun matsala har gidanta. Wanda aka mara kuwa ya koyi jiran a kawo masa daga waje.

Kuma muna da misalai biyu a gabanmu da ya kamata su hana mu barci. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Bayero ta Kano, ɗan shekara 24, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a bayan gida cikin wata takwas. Injin tsohuwar Honda Civic ya sa masa, kujeru daga tsohuwar Toyota, wasu sassan daga ɓaraguzan wani Boeing 747. Tsawonsa mita 12. Da kuɗin gyaran waya da kwamfuta da taimakon mahaifinsa ya yi aikin. Jirgin ya ɗaga 'yan lokuta, bai wuce ƙafa bakwai ba, wato bai fita daga matashin iskar nan da na ambata ba. Aka yi ta yayata hotonsa, aka yi ta cewa "mu ma muna da su". Ban raina ƙoƙarinsa ba ko kaɗan, jarumi ne. Abin da nake tuhuma shi ne al'ummar da ta bar mai irin wannan kai ya yi gwajinsa da jirgin da zai iya kashe shi, don babu wani ƙaramin fage, babu ƙungiya, babu malamin da ya taɓa tuƙa ƙaramin samfuri da zai ce masa zo mu karya goma a nan tukuna. Har yau salon bai sauya ba. Kowace shekara sai an sami wani matashi a wani gari ya haɗa jirgi da langa-langa, a ɗauki bidiyo, a yi masa kabbara da tafi, wani babba ya kira shi a ɗauki hoto, sannan a manta da shi.

Na biyu ɗan ƙasarmu ne. Aziz Kountché, wanda ya koya wa kansa ƙera jirage marasa matuƙi ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A 2016 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirginsa wajen ɗaukar taswirar sansanonin Sayam Forage da Kablewa a jihar Diffa. Ga aiki nan na gaske, mai amfani ga mutanen da rikici ya raba da gidajensu, daga hannun Banijare. Irin wannan hannu ba ya samuwa ga wanda ba a bari ya lalata komai ba. Shekaru nawa muka yi muna jin labarin jirage marasa matuƙi na baƙi suna tashi daga Agadas, muna ɗaga kai muna kallo kamar aikin aljanu? Sun tattara sun tafi a 2024. Sararin yana nan, gonakin da ke buƙatar a auna su suna nan, gulbin da ke ambaliya yana nan.

Maganar tsaro kuwa gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. A yankin Madarunfa, inda mutanen kan iyaka suke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindigar da ke fakewa a daji, duk abin da ya tashi sama yana ƙara sai ya tayar da hankali. Ba hikima ba ce matashi ya ɗauki jirgi mai kyamara ya nufi bayan gari, ko kusa da inda jami'an tsaro suke. Sararin sama yana da hukuma, ANAC, kuma yana da doka. Amma wannan ai hujja ce ta a yi abin a fili cikin tsari, a harabar makaranta, da sanin maigari da magajin gari da jandarma, da jirgin da bai kai nauyin ƙwai biyu ba kuma ba ya wuce tsayin katanga. Hani kawai ba ya hana yaro sha'awa, ɓoyewa yake koya masa.

Don haka ga inda nake ajiye ƙorafina. Maraɗi tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Nisan Sarkin Yamma daga cikin gari bai kai a ce ɗalibi ya kasa zuwa da babur ranar Asabar ba. Me zai hana ɗaliban lantarki da kanikanci su ɗauki kwaleji ɗaya a karkara su kafa ƙungiyar tashi? Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙungiyar iyayen yara ko ɗan kasuwa ɗaya mai kishi ba: ƙananan jirage huɗu iri ɗaya masu rediyo, farfela da giya da injin wutsiya masu yawa, batura, ƙarfen liƙin dalma, ƙaramin faifan sola, tabarma, da ƙunshin tsinken tsire. A buɗe littafi, duk wanda ya kayar da jirgi ya rubuta kwanan wata, da abin da ya karye, da dalilin da yake zato, sannan ya gyara da hannunsa kafin na bayansa ya karɓi rimot. 'Yan mata su ma a ba su layi, yatsun da ke saƙa da ɗinki ba za su gagara riƙe sanda biyu ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, in za ku sari kwali goma na jirgi, ku sari jaka ɗaya ta farfela tare da su, ku rataye ta inda mai saye zai gani. Kai kuma uba, in ka riga ka saya, ka sa a ɗaura tsinken tsire kafin a sa batir, ka kori ƙananan yara baya, ka gaya wa mai rimot tun kafin ya taɓa sanda cewa ka san zai faɗi, kuma farfela ta biyu tana aljihunka.